Safiyar Da Ta Ɓace A Karar Gidan Inno

Ranar Asabar da hantsi aka kunna kwamfutar karar Gidan Inno a gaban masinjan kotu, aka nemi rajistar ranar Laraba, aka tarar babu ko layi ɗaya na abin da aka rubuta daga safe zuwa la'asar. Na bayan la'asar yana nan daram, shanu goma sha huɗu da hotunansu. Na safe kuwa, kamar kasuwa ba ta ci ba.

Ga yadda abin ya taso. Shekara uku ke nan, tun 2006, ƙungiyar masu dabbobi ta wannan kara, kasuwar shanun da ke kan hanyar Mai'adua, ta kafa doka. Duk wanda ya kawo saniya sai an ɗauki hotonsa da ita, an rubuta sunansa da sunan dillalin da ya tsaya masa. Idan an saya, a buga wa mai saye takarda. Daren Litinin aka kwance wa Arɗo Ja'e na wajen Baure bijimai uku. Ranar Juma'a ya gan su a turken wani mai kiwon turka a garin Babban Mutum, mai suna Lawal. Lawal ya fito da takardarsa, ya ce a kara ya saya ranar Laraba da safe, hannun wani baƙo da bai san sunansa ba. Aka tsare shi, alƙali ya aiko a duba rajista. To ga abin da aka tarar.

Kafin azahar magana ta gama gari. Aka ce Talatu, matar da ke zama a kan kwamfutar, ita ta buga wa Lawal takardar ƙarya, sannan ta goge safiyar gaba ɗaya don ta ɓatar da sawu. Kowa kuma ya san abin da ke jiran wanda aka tabbatar wa satar shanu a kotun shari'a: yanke hannun dama. Alƙali ya sa ranar Talata.

Sarkin kara, Alhaji Kalilu, shi ya aika Daura a kira Audi.

Audi ɗan wani shahararren mai bin sawu ne na ƙasar Baure. Tun yana ɗan shekara tara yake bin mahaifinsa daji, har ya iya bambance sawun saniyar da ake kora da wadda ke tafiya don kanta. Da tsohon ya rasu, Audi ya tafi ya koyi gyaran kwamfuta, ya buɗe shago a Daura. Yanzu ya ba arba'in baya, ya yi tumbi, yana sa tabarau, amma har gobe Audi mai sawu ake kiransa, kuma idan an yi ɓarna akan tuna da shi.

Ranar Lahadi da safe ya iso a kan babur ɗinsa. Ya tarar da 'yan kwamiti biyar a gindin ɗorawa, a gaban ɗan ofishin da aka yi da bulo.

Ya durƙusa ya gaida sarkin kara. "Ranka ya daɗe, ga ni."

"Audi, abin kunya ne ya same mu," in ji Alhaji Kalilu. "Ni dai ban san komai a kan wannan na'ura ba. Wanda ya haɗa mana ita, Jafaru, ya ce ba ta goge abu da kanta. Ina son wani ido daban kafin Talata."

Wani dattijo fari mai faɗin ƙirji ya taso daga kan tabarma ya miƙo masa hannu. Alhaji Munzali ne, babban dillalin karar. Yana ɗan ɗingishi, don shekarun baya wani sa ya taɓa murƙushe masa gwiwar dama.

"Malam Audi, kada ka wahalar da kanka," ya ce cikin taushin murya. "Mukulli biyu ne, ɗaya wurin sarki, ɗaya wurin Talatu. Ni tausayinta ma nake ji, marayu gare ta. Amma gaskiya ita ce gaskiya."

Audi ya ce, "Haka ne, Alhaji. A dai buɗe mini in gani. Kuma don Allah kada a tayar da janareta, na zo da batir ɗina."

Ya zagaya ofishin tukuna. Ba a taɓa kwaɗo ba, ba a lanƙwasa ƙarfen taga ba. Ya shiga ya rufe ƙofa. Bai kunna kwamfutar yadda aka saba ba, sai ya tashe ta da wani faifai nasa, don kada ta rubuta sabon abu a kan tsohon. Ya kwafe duk abin da ke cikinta, ya sa a jaka, ya fito ya tambayi gidan su Talatu.

A zauren gidan yayanta ta same shi. Mace ce 'yar kimanin shekara talatin, siririya, idanunta sun kumbura. Yayan ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi.

"Malama, ba tuhuma na zo yi ba," Audi ya ce. "Ki ba ni labarin ranar Laraba tun daga buɗe ƙofa."

Ta ce ta buɗe da bakwai da rabi, bayan Baba Saminu mai janareta ya tayar da inji. Mutane sun yi yawa, ta rubuta masu sayarwa sun fi sittin. Ta tuna Lawal, don ya tsaya yana sa ta karanta masa takardar sau biyu. Wanda ya kawo bijiman kuwa, da dillalin da ya tsaya masa, ba za ta iya rantsuwa a kansu ba.

"Ta taga nake ganinsu, Malam. Fuska ta zo, fuska ta wuce."

"Kin fita?"

"Sau biyu. Azahar da la'asar. Nakan kulle in shiga gidan da ke bayanmu in yi salla."

"Da kika dawo daga la'asar me kika gani?"

Ta ce, "Kwamfuta a kunne. Amma rajistar a rufe take, sai da na sake buɗe ta. Takan yi haka wani lokaci, ta rufe kanta. Ban kawo komai ba, na ci gaba da aiki. Da aka tashi na kashe ta yadda aka koya mini."

"An taɓa rasa rajista kafin wannan?"

"Sau ɗaya, bara da damina. Ruwa ya shiga inji ya mutu ana tsakiyar aiki. Da aka tayar, duk na ranar ya tafi. Aka kira Malam Jafaru, ya ce cuta ce ta shiga na'urar, ya wanke ta. Sarki ya yi wa Baba Saminu faɗa a gaban kwamiti, ya ce kada ya ƙara bari inji ya mutu ana aiki."

"A gaban kwamiti duka?"

"Duka."

Da Audi ya miƙe, sai yayan ya yi magana karon farko. "Jiya an jefo mana dutse a kan rufi. 'Ya'yanta ba su je Islamiyya ba yau."

Audi ya ce Allah ya kyauta, ya fita.

Baba Saminu yana zaune a ƙofar gidansa yana gyaran taiki. Tsoho ne mai furfura, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Ya ce shi tun safe har aka tashi yana gindin janaretansa, bai gusa ba.

"Ko salla, Baba?"

"A nan nake yin sallata."

"Inji bai mutu ba ranar?"

"Bai mutu ba." Ya faɗa yana kallon allurar da ke hannunsa. Sai ya ƙara da cewa, ba tare da an tambaye shi ba, "Sabon mai ma na zuba masa ranar Larabar da safe."

Audi bai matsa masa ba. Ya nemi izinin shiga rumfar inji, ya ce zai duba wayar wuta.

Rumfar kwano ce a bayan ofis, ƙofarta ba ta da kwaɗon kirki, ƙusa ce ake sakawa. Audi ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, ya bari idonsa ya saba da duhun. Ƙasa ta sha tsohon mai ta yi laushi kamar yumɓu. Gefen injin, daidai wurin maɓallin kashewa, akwai inda baƙin mai ya malala sabo, bai gama shanyewa ba. Ya cire tabarau, ya tsuguna, ya daɗe a haka.

Sawun silifas na roba ya cika wurin, na Baba Saminu ne, ya gan su a ƙafarsa. Amma a cikin sabon man akwai wani sawu na takalmin fata mai faɗi. Ƙafar hagu ta zauna sosai, ta dama kuwa gabanta kawai ya taka, dunduniyar ba ta taɓa ƙasa ba. Ƙafafun biyu suna jere, suna fuskantar maɓalli. Ta hagun ta danne gefen wani sawun silifas, wani sawun silifas kuma ya zo daga baya ya hau kanta. Mai takalmin ya shigo bayan an zuba mai, ya fita kafin tsohon ya dawo.

Audi ya samo wani tsohon kwano ya kife a kai, ya mayar da ƙusa, ya hau babur ya koma Daura.

A shagonsa ya buɗe abin da ya kwafo. Irin wannan kwamfuta tana da wani littafi da take rubuta wa kanta, duk abin da ta yi da lokacin da ta yi shi. Ya nemo ranar Laraba. Rubutu yana tafiya daidai har ƙarfe huɗu da minti shida, sai ya yanke a tsakiyar layi. Babu alamar rufewa. Layi na gaba, huɗu da minti ashirin da biyar, na'ura tana tashi. An saita ta ne ta tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo, akwatin batir ɗin da ya kamata ya riƙe ta kuwa ya daɗe da mutuwa.

Wannan ya nuna an yanke wuta. Amma yanke wuta kaɗai ba ya goge rajista, kuma nan Audi ya tsaya. Ya buɗe jerin umarnin da na'urar ke bi idan za ta rufe. Ƙananan fayil ne guda uku, kowanne da lambarsa: ta rufe rajista, ta kwafe aikin ranar daga jakar aiki zuwa faifan ajiya, ta saki faifan. Babu aibu. Ya buɗe jerin na tashi, guda goma. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Na tara aikinsa ceto ne: idan an yanke wuta, ya kwashe duk abin da ya rage a jakar aiki ya kai ajiya. Na goma shara ne: ya share jakar aiki tas don sabon yini. Ceto, sannan shara. Nan ma babu aibu.

Ya yi sallar azahar, ya ci abinci, ya dawo ya sake karantawa. Zuciyarsa ta fara karkata wajen Jafaru. Shi ya rubuta umarnin, shi ya san cikin na'urar, shi kuma ya yi saurin cewa ba ta goge abu da kanta. Audi ya bi kowane fayil yana neman wani layi da aka ɓoye, ko ranar da aka taɓa shi. Ba a taɓa ko ɗaya ba tun bara. Tara daga ciki an rubuta su rana ɗaya, shekara uku da suka wuce. Na goma kaɗai ne aka ƙaro daga baya, wata biyu kafin daminar bara.

Sai ya daina karanta abin da aka umarci na'urar, ya koma littafinta ya duba abin da ta aikata da huɗu da ashirin da biyar. Ta yi na ɗaya. Daga nan ta yi na goma. Sannan na biyu, na uku, har zuwa na tara, wanda ya rubuta: babu abin cetowa.

Audi ya jingina da kujera ya ce, "Ikon Allah."

Ya koma baya cikin littafin, wata-wata, yana neman ranakun da rubutu ya yanke a tsakiya. Tun da aka ƙaro na goma, sau uku ne. Ranar ruwan bara, da hantsi. Wata Laraba cikin watan Safar, huɗu da minti goma. Sai wannan Larabar. Ya rubuta ranakun a takarda. Daga nan ya sa wata manhaja ta tono fayilolin da aka share, ya bar ta tana aiki, ya tafi shagon Jafaru.

Jafaru ya girme shi a sana'a, kuma bai ji daɗin kiran da aka yi wa Audi ba. Ya ba shi kujera a daƙile.

"Yaya Jafaru, me ya sa ka ƙara umarnin shara?"

"Hotuna ne suka cika faifai, na'ura ta yi nauyi. Na sa shi a ƙarshe, bayan ceto. Je ka duba, lamba goma."

"Na duba. Ba ni takarda."

Audi ya rubuta lambobin daga ɗaya zuwa goma, ya tura masa. "Jera su yadda na'urar ke jera sunayen fayil. Ba ƙirga take yi ba. Harafin farko take dubawa, kamar ƙamus."

Jafaru ya ɗauki biro da gadara. Ya rubuta ɗaya. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi goma, ya dubi biyu. Sai ya ajiye biron a hankali.

"Goma da ɗaya ta fara," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ita take biyo ɗaya. Shara tana riga ceto da umarni takwas. Ranar da aka kashe na'ura yadda ya kamata ba a ganin komai, don an riga an kwafe. Ranar da aka yanke wuta kuwa, tana tashi sai ta share aikin kafin ta zo ceto."

Jafaru ya cire hula ya riƙe. "Ashe bara ba cuta ba ce. Ni ne. Kuma jiya na tsaya gaban masinjan kotu na ce sai dai in mutum ne ya goge." Ya dubi Audi. "Kana zargina da hannu a satar?"

"Da safe na zarge ka. Yanzu a'a. Wanda ya yi wannan bai san goma ba, bai san tara ba. Abu ɗaya ya sani, in inji ya mutu, rajista ta tafi. Gobe ina son ka zo ka faɗi naka da bakinka."

"Zan zo."

Litinin da hantsi aka taru a gindin ɗorawa. Ga sarkin kara da 'yan kwamitinsa, ga masinjan kotu da ɗan sanda ɗaya, ga Arɗo Ja'e da sandarsa a kafaɗa. Talatu ta zauna can gefe bayan yayanta. Baba Saminu ya tsuguna kusa da bango. Mutanen gari sun yi da'ira, wasu har kan katanga.

Audi ya sa aka fito da kwamfutar kan tebur, aka tayar da ita da batir ɗinsa. Ya ce wa sarkin kara, "Ranka ya daɗe, faɗi sunan bijimai uku, kowanne ka ga dama."

Sarki ya faɗa, Jafaru ya rubuta su a rajista kowa yana gani. Audi ya miƙa wa Arɗo Ja'e wayar wutar ya ce ya fizge. Allo ya yi baƙi. Aka mayar, na'ura ta tashi da kanta, aka buɗe rajista. Babu ko ɗaya.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Jafaru ya miƙe ya yi bayanin kuskurensa a taƙaice, bai rage komai ba, ya ƙare da cewa, "Abin da na faɗa ranar Asabar ba daidai ba ne. Malama Talatu, ki yafe mini."

Alhaji Munzali ya gyara zama. "To alhamdu lillahi, ashe tsautsayi ne. Inji ya mutu, na'ura ta yi ɓarna. Ba laifin kowa."

"Da na so haka ne, Alhaji," in ji Audi. Ya juya wurin tsohon. "Baba Saminu, na'ura ta rubuta cewa wuta ta yanke da huɗu da minti shida, ta dawo bayan minti goma sha tara. Jiya ka ce mini inji bai mutu ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoro ne. Sarki ya ce in ya ƙara mutuwa a bakin aikina. Na dawo na tarar da shi a kashe, na tayar, na yi shiru."

"Ka dawo daga ina?"

Baba Saminu ya kawar da kai.

Audi ya ce a biyo shi. Ya tsayar da mutane a bakin rumfar, ya bar sarki da masinja da Arɗo kaɗai suka matso. Ya ɗaga kwanon.

"Arɗo, kai ma ɗan daji ne. Karanta musu."

Arɗo Ja'e ya tsuguna ya duba. "Mutum mai jiki. Takalmin fata. Ƙafar dama ba ta sauka duka. Ya tsaya nan, yana fuskantar inji." Ya nuna da bakin sanda. "Ya taka sawun mai silifas, mai silifas ya dawo ya taka nasa."

Babu wanda ya ambaci suna. Amma daga tabarma zuwa rumfar akwai yashi, kuma kowa ya taho a kansa yanzun nan. Idanu suka sauka ƙasa, suka bi wani layin sawu mai gajeren taki a dama, har inda ya ƙare a ƙafafun Alhaji Munzali.

"Na shiga rumfar nan sau nawa a shekara uku?" ya ce, yana murmushin yaƙe. "Ni na sayo injin ma."

"Man nan ranar Laraba da safe aka zubar da shi," in ji Audi. Ya fito da takardarsa. "Ranka ya daɗe, an taɓa yanke wuta haka a watan Safar, ita ma Laraba, ita ma da la'asar. Ba wanda ya lura, don ba wanda ya zo neman rajistar. A wancan makon an yi cigiyar dabbobi?"

Fuskar Alhaji Kalilu ta canja. "Shanu biyar na mutanen Mai'adua. Ba a gan su ba har yau."

Sai Baba Saminu ya miƙe daga inda yake. "Alhaji, ka yi haƙuri. Kai ka samo mini aikin nan, kai ka yi wa 'yata kayan ɗaki, ban manta ba. Amma hannun mutum ake magana." Ya juya wurin sarki. "Shi ya aike ni ƙarshen kara in kira masa direban mota. Ya ce zai duba mini inji. Wancan karon ma shi ne, igiya ya aike ni saye."

Audi ya buɗe jakarsa ya fito da hoto guda da ya buga a takarda. Daga hotuna sittin da wani abu, goma sha ɗaya kawai manhajar ta iya tonowa, sauran aikin bayan la'asar ya hau kansu. A wannan, rabin ƙasa ya lalace, ya zama toka-toka. Rabin sama kuwa ga bijimai uku, fari biyu da baƙi mai karyayyen ƙaho, ga wani dogon mutum mai rawani riƙe da igiya, ga kwanan wata da ƙarfe tara da minti arba'in a kusurwa.

"Nawa ne," in ji Arɗo Ja'e nan take. Ya ƙura wa mutumin ido. "Wannan kuma ba Lawal ba ne."

"Layin da aka rubuta sunan dillalin da ya tsaya masa bai dawo ba," Audi ya ce. "Wannan sai a tambayi Alhaji."

Alhaji Munzali ya dubi hoton, ya dubi mutanen da ya yi shekara talatin yana ciniki da su. Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa.

"Ba zan yi magana a nan ba," ya ce. "A kai ni gaban alƙali."

Aka kai shi. A zama na biyu ya amsa cewa shi ya tsaya wa mai rawanin, sau biyu, yana sane. Aka ɗaure shi. Mai rawanin ba a same shi ba, an ce ya ƙetara iyaka tun ranar Larabar. Shanu biyar na watan Safar ma ba su dawo ba. Arɗo Ja'e ya kora bijimansa gida. Lawal ya fito ranar Talata da azahar, babu sa ko ɗaya a turkensa.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Jafaru da kansa ya zauna ya sa sifili a gaban kowace lamba daga ɗaya zuwa tara, goma ta koma ƙarshen layi inda ya yi nufin ajiye ta tun farko. Suka gwada sau shida, suna yanke wuta a tsakiyar rubutu, kowane karo rajista tana dawowa cif. Kwamiti ya sayi sabon batir da kwaɗo. Sarkin kara ya aika wa Talatu har sau biyu ta dawo bakin aiki, ta ce ta gode, ta yafe wa kowa, amma ba za ta sake zama a bayan wannan tagar ba. Bayan wata ɗaya ta samu aikin buga takardu a wata makaranta a Daura, ta kwashe 'ya'yanta suka koma can.

Ran nan da hantsi Audi yana kwance wata firinta, sai ga wani baƙin mutum gajere ya yi sallama, riƙe da zabi biyu ɗaure da tsumma. Audi bai taɓa ganinsa ba.

"Ni ne Lawal," ya ce. "Ba ni da abin da ya fi wannan yanzu."

Audi ya ce ya mayar wa iyali, Lawal ya ƙi, ya ajiye su a ƙarƙashin benci. Ya zauna, sannan ya ce, "Malam, an yi ta ba ni labari ban gane ba. Wai me na'urar ta yi?"

Audi ya ɗauko takarda ya rubuta tara, ya rubuta goma, ya yi masa bayani sannu a hankali. Sannan ya zana ɗan zagaye a gaban taran. "Wannan ne babu."

Lawal ya karɓi takardar da hannun dama, ya daɗe yana kallon zagayen.

"Kwana huɗu ina tsare," ya ce, "da hagu nake cin tuwo. Ina koyo."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambayi inda ake shiga motar Babban Mutum.